Na canja madabod, kwamfuta ta ƙi shiga Windows

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na canja madabod (babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa) da RAM (ma'adanar wucin gadi) na kwamfutar gidanmu a nan Jos, na bar tsohon faifan ajiya mai ɗauke da Windows 10, amma da na kunna sai ta zarce shafin BIOS, wato shafin saitin madabod. RAM ɗin kuma saurin 3200 aka rubuta a jikinsa, amma 2133 yake nunawa. An ce in goge faifan in sake komai. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Don Allah kada ka goge komai tukuna, domin na sha ganin an yi asarar hotunan iyali da takardun makaranta a kan matsalar da saiti ɗaya ke warwarewa. Idan sunan faifan ya fito a jerin na'urorin da BIOS ke gani, to alama ce mai kyau. Abin da ya fi yiwuwa shi ne an ɗora Windows ɗinka bisa tsohon tsarin rabon faifai na MBR, alhali sabon madabod ya zo yana neman tsarin GPT, wanda UEFI, wato sabon salon BIOS, ke tashi da shi. Ka nemi CSM, saitin da ke ba sabon madabod damar tashi da tsohon tsarin, a sashen Boot na BIOS, ka kunna shi, ka danna F10 domin adanawa. Idan kuma shuɗin allo ya fito da rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE, sai ka duba saitin SATA, wato hanyar da faifan ke haɗuwa da madabod, ka mayar da shi yadda yake a tsohon madabod, wanda galibi AHCI ne.

Sai dai CSM maganin wucin gadi ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar UEFI da sashen tsaro na TPM 2.0, sannan Secure Boot, mai tsaron tashin kwamfuta, ba ya aiki muddin CSM na kunne. Saboda haka da zarar ka shiga Windows, ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani faifan, ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta umarnin mayar da MBR zuwa GPT, wato mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ya amince ka maimaita da /convert a madadin /validate. Daga nan ka koma BIOS ka kashe CSM, ka kunna TPM, wanda Intel ke kira PTT, AMD kuma fTPM.

Batun RAM kuwa, ba a cuce ka ba. RAM nau'in DDR4 yakan tashi a 2133 ko 2400 har sai an kunna XMP, saitin BIOS da ke ba shi cikakken saurinsa, ko DOCP a madabod na Asus masu AMD. Ka bar wannan ya zama na ƙarshe, domin idan allo ya yi baƙi bayan kunna shi, mai yiwuwa sai ka zare wayar wuta, ka cire ƙaramin batir ɗin madabod mai kama da kwabo, CR2032, na kamar minti biyar, kuma hakan yana mayar da duk saitin da ka yi yadda ya fito daga kamfani. Kafin ka sa hannu ciki ka taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar, musamman a hunturun Jos da iska ke bushewa, jiki yana tara lantarkin da ke iya lalata RAM.

Ban ga dalilin sabunta BIOS a matsalarka ba. In ta kama nan gaba, kada ka fara sai kwamfutar tana kan UPS ko inbata, domin ɗauke wuta a tsakiyar aikin na iya hana madabod tashi gaba ɗaya.