Hukuncin sayar da kayan miya a baro a bakin titi

Tambaya: Allah ya gafarta malam, ina sayar da tumatir, attarugu da ayaba a baro a bakin titi. Wani ya ce mini kuɗina akwai shubuha, tunda hanya ba tawa ba ce. Kuma mukan ɗora manyan tumatir a saman kashi. Mene ne hukuncin?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, sana'arka halal ce, kuma tana da daraja. Bukhari ya ruwaito daga Zubairu ɗan Awwam cewa Annabi (SAW) ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace a bayansa ya sayar, ya fi masa alheri da ya roƙi mutane, su ba shi ko su hana shi. Mai baro ne ke kai cefane ƙofar gidan matar da ba ta fita, shi ne ke kasa wa talaka daidai aljihunsa, wanda ba zai iya sayen kwando a kasuwar 'Yan Kaba ba.

Batun hanya kuwa, malamai sun halatta zama a gefen hanya mai faɗi don ciniki matuƙar ba a ƙuntata wa masu wucewa ba. Wanda ya riga zuwa wuri shi ya fi cancanta da shi, amma bai mallake shi ba. A hadisin Abu Sa'id Al-Khudri da ke Bukhari da Muslim an ce a ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani daga mummuna. Kame cuta a wurinka shi ne kada baronka ya tura mai tafiya a ƙasa kan kwalta, kada ka tare ƙofar gidan wani, kuma kada ka zuba ruɓaɓɓen tumatir da ledoji a kwata, domin su ne ke toshe ta, ruwan damina ya shiga gidajen mutane. Idan hukuma ta hana kasa kaya a wani wuri saboda cunkoso, ka bi. In ka tare hanya ka yi zunubi, amma cinikin ya ƙullu, kuɗin ba su zama haram ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rabi na biyu na tambayarka. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi (SAW) ya ce masa: me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. To jera masu kyau a sama a ɓoye fasassu a ƙasa shi ne wannan, kuma mai saye yana da ikon mayar maka da kayan ya karɓi kuɗinsa. Mafita mai sauƙi ce: ka ware kashi biyu, lafiyayyu da farashinsu, fasassu da nasu. Akwai masu neman na arha da saninsu.

Yayyafa wa alayyafo ruwa don kada ya yi yaushi babu laifi, amma jiƙa kaya don su ƙara nauyi a sikeli haramun ne, haka kwanon awo da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, wanda farkon Suratul Muɗaffifin ya yi wa narko. Nunar da ayaba ta hanyar amfani da sinadarin kabaid ma ka bar shi, cutarwa ce, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha yin gargaɗi a kansa.

Ranar Juma'a, da an yi kiran salla na biyu ka rufe baro. A mazhabar Malikiyya cinikin da wanda Juma'a ta wajaba a kansa ya ƙulla a lokacin nan warware shi ake yi.

Wallahu a'alam.