Tambaya da Amsa: 'Yata Na Haddace Waƙoƙin Turawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗan tumatir ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, muna zaune a Agege. 'Yata tana aji biyar a sakandare. Kwanan nan kullum da daddare sai in ji tana tilawar waƙoƙin Turawan da, wai na jarrabawa ne. Ni ban yi boko ba, kuma hankalina bai kwanta ba. Ba za su taɓa mata imani ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka maka da alheri da ka sa kunne a kan karatun yarinyar nan.

Bari in ba ka labarin guda ɗaya daga cikin irin waƙoƙin. Jon Milton mutumin Ingila ne, an haife shi a 1608. Wajen 1652 ya makance gaba ɗaya, alhali alƙalami ne sana'arsa. Sai ya yi wata 'yar waƙa mai ɗango 14, yana kukan cewa haskensa ya ƙare, baiwar da Allah ya ba shi tana kwance ba amfani. Har ya yi tambaya: shin Ubangiji zai nemi aikin yini a wurin wanda ya hana wa gani? Kafin ya rufe baki, Haƙuri ya tare shi kamar mutum, ya ce masa Allah ba ya bukatar aikin bawa. Dubbai na kai-komo a tudu da teku bisa umarninsa, amma wanda ya tsaya yana jira, shi ma bauta yake yi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rasa idanunsa a ƙarshen rayuwarsa, a Idi-Araba nan Legas. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba ya iya buɗe Alƙur'aninsa bugun warshu. Wata rana bayan la'asar, yana kan buzu da carbi a hannu, na juya masa waƙar nan da Hausa. Ya yi shiru can, sannan ya ce, "Baturen nan ya san tawakkali." Sai ya shiga rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, muryarsa na rawa. Ranar na sha kuka.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, Milton Kirista ne. Doguwar waƙarsa ta fitar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna, wadda yana faɗa ana rubuta masa har ta fito a 1667, tana da wuraren da suka saɓa wa aƙidarmu ƙarara, musamman game da Annabi Isa (AS). Irin waɗannan, yarinyar ta karanta don jarrabawa, sannan ta kai wa malaminsu na Islamiyya ya warware mata.

Don Allah kada ka ƙwace littafin, Alhaji. Ranar da ka taso kasuwa da wuri, ka zaunar da ita ta faɗa maka da Hausa abin da kowace waƙa ke cewa. Duk wadda ka ji ba ka natsu da ita ba, ta rubuta sunanta ku aiko mini, in duba.