Shayin rage ƙiba ya sa mini jiri da bugun zuciya: in ƙara ko in daina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a nan Kano, shekarata 47, 'ya'yana shida. Tun da al'adata ta fara rikicewa shekara biyu da suka wuce nake ta ƙara ƙiba, musamman tumbi, alhali cin abincina bai canza ba. Yanzu nauyina kilo 94, tsawona mita 1.60. Ina shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, in kuma gwiwa ta matsa mini sai in sayi diklofenak a kemis. Wata biyu ke nan ina shan wani shayin rage ƙiba da na saya wajen wata mata ta WhatsApp. Sati biyun farko na sauke kilo huɗu, daga nan abin ya tsaya cak. Kullum sai na zaga sau huɗu ko biyar, ga jiri in na miƙe, ƙafata na ɗaurewa cikin dare, wani lokaci zuciyata ta riƙa bugawa kamar za ta fito. Mai shayin ta ce alamar kitse na narkewa ce, in riƙa haɗa ƙunshi biyu. Ciwon suga ne ajalin mahaifiyata, shi nake gudu. Wallahi tsoro ya kama ni. In ƙara ko in daina?

Wata uwa, Gwammaja, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. Ki daina shayin nan yau, kada ki sake kai shi baki. Diklofenak ɗin ma ki ajiye, in gwiwa ta dame ki ki sha farasitamol. Gobe da safe ki je asibiti da ragowar shayin da duk magungunan da kike sha a cikin leda ɗaya. A yi miki gwajin ƙoda, da na sinadaran jini musamman fotasiyam, da na suga, a ɗauki bugun zuciya a na'ura, a auna jininki kina zaune sannan kina tsaye. Kafin nan ki yawaita shan ruwa. Maganin hawan jini kuwa kada ki yanke shi da kanki, likitan da ya ga sakamakon shi zai ce a ci gaba ko a canza. In kuma kika suma, ko kika ji ciwon ƙirji, ko fitsari ya ragu sosai, to ba maganar jiran gobe, a kai ki sashen gaggawa na asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a daren.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar da mai shayin ta gaya miki, domin ita ce ƙaryar da ta fi kowace ci mini tuwo a ƙwarya. Da wuya in wuni a asibiti ban ji ta ba. Wai in mace tana zawo, kitse ne ke narkewa yana fita. Har akwai wadda za ta ciro waya ta nuna mini hoton wani abu mai yauƙi da ta gani a bayan gida, tana murna ta ce Likita ga kitsen. Majinar hanji ce, wadda ke fita idan an takura masa. Kitsen da ke ƙarƙashin fata da wanda ya naɗe kayan ciki ba shi da wata ƙofa da zai bi ya faɗa cikin hanji. Sai jiki ya ƙona shi tukuna, kuma in ya ƙone yawancinsa ta numfashi yake fita. An yi lissafin a wata mujallar likitoci ta Birtaniya a 2014: cikin kilo 10 na kitsen da mutum ya sauke, kilo 8.4 iska ce da huhu ya fitar, ragowar 1.6 ruwa.

Yawancin waɗannan shayin filasko ne ko danginsa, an ƙara masa kayan ƙamshi da kwali mai kyau. Filasko a babban hanji yake aiki, alhali ƙaramin hanji ya riga ya tsotse maiƙo da sukarin abincin kafin a iso nan. To me ya rage ya fita? Ruwa da gishirin jiki. Kilo huɗun da kika gani sun tafi a sikeli, kamar a matse jiƙaƙƙen zane ne: ya yi sauƙi a hannu, amma yadin na nan yadda yake, da an tsoma shi a ruwa nauyin ya dawo. Shi ya sa abin ya tsaya bayan sati biyu. Kuma in faɗa miki tun yanzu don kada hankalinki ya tashi: in kin daina, kina iya ganin ƙafa ta ɗan kumbura, sikeli ya hau, bayan gida ya yi wuya na 'yan kwanaki. Jiki ne ke riƙe ruwan da aka daɗe ana ƙwace masa, zai daidaita. A daidai wannan gaɓar ce mata ke komawa wajen mai shayi su ce ai da na daina na kumbura, ita kuma ta ƙara musu ƙunshi.

Cikin gishirin da ke zuba akwai fotasiyam, wanda tsoka da zuciya ke aiki da shi. Maganinki na hawan jini yana iya rage shi ta fitsari, shayi na zubar da shi ta zawo. Ɗaurewar ƙafa da wannan bugun zuciyar abin da suka fi nunawa ke nan, kuma in ya yi ƙasa sosai yana rikita bugun zuciya har a rasa rai. Sai ƙoda. Jiki ba ruwa, ga mai sa fitsari, ga diklofenak da ke rage jinin da ke isa ƙoda, ki ɗora zafin Kano na Maris zuwa Mayu da ke haura maki 40. Haka ake samun ƙoda ta tsaya cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san abin da ake kashewa kowane mako, ya san yadda gida da fili ke tafiya. Garin neman gira a rasa ido.

Za a ce ai ganye ne, na gargajiya ne, ba ya cutarwa. A farkon shekarun 1990 a birnin Burasels na ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya ba mata ƙwayoyi masu ɗauke da wani tsiro na ƙasar Sin. Mata fiye da ɗari ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma kan wanki ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da kansar mafitsara da hanyoyin fitsari. Shi ma tsiro ne. Ban da haka, ba kowane ƙunshi ne ganye zalla ba. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano an cusa magungunan asibiti a ɓoye cikin kayan rage ƙiba: mai sa fitsari irin su Lasix, da sibutiramin, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwar Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ki duba naki da kyau. Akwai sunan kamfani da adireshi? An rubuta abin da ke ciki da adadinsa? Sau da yawa sai sitika mai hoton wata siririyar mace da lambar waya. Ko da lambar NAFDAC a jiki, rajistar da ake yi wa maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana yin aikin da ake tallarsa da shi, balle ga masu buga lambar bogi.

Abin da ke ba ni takaici, ba a ɓoye ake wannan kasuwa ba. Mota da lasifika a bakin kasuwa da tasha, bidiyo a TikTok, 'yar aiken gida-gida a wajen biki da suna. Wadda ba ta taɓa auna jinin kowa ba ita ke ce wa mai hawan jini ta ninka. In an kwantar da ke ba za ki ga ƙeyarta ba, kuma ba mai tambayarta. Hukumomin da ke da alhakin sa ido su ji tsoron Allah, kamen kwana biyu a gaban kyamara ba ya hana komai. Mazaje ma ina da magana da su: gorin da ake yi wa matar da ta haifa maka shida, a gaban yara ko a gaban kishiya, shi ke tura da yawa hannun waɗannan mutane. Ni ce ke zaune da su suna kuka, na san abin da nake faɗa.

Mu dawo kan ƙibar, domin tsoronki na suga yana kan hanya. Mahaifiya mai suga, ga hawan jini, ga ma'aunin nauyi da tsawo da ya kai kusan 37, lallai a tashi tsaye. Na yarda da ke cewa cin abincinki bai canza ba. Jikin ne ya canza. Mafi yawan mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, kuma da sinadarin jikin mace da ake kira istirojin ya fara ja baya, kitsen da a da yake zama a ƙugu da cinya sai ya koma ciki, shi ne kuma mai jawo suga. Tsoka na raguwa a hankali tun daga shekara 30. Gumin dare na hana barci, wadda ba ta yi barci ba kuwa da yunwa da kwaɗayin zaƙi take wuni. Ga shi 'yan mata sun tasa sun karɓi shara da wanki, daga ƙofar gida sai adaidaita sahu. Amma kada wani ya ce miki jikin mace yana daina ƙona abinci da ta kai arba'in. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2021, a kan mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, ya nuna ƙonawar ba ta wani sauya ba daga shekara 20 zuwa 60 in aka yi la'akari da girman jiki da tsoka. Ke nan ƙoƙarinki zai yi tasiri.

Kada ki sa wa ranki komawa jikin amarci. Kilo biyar zuwa tara cikin wata shida, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki, ya isa a ga bambanci a jini da suga da gwiwa. A wani gwaji da aka yi a Amurka aka wallafa a 2002, masu dab da kamuwa da suga da aka ɗora kan rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. Ki ari tef ɗin tela ki riƙa auna cikinki daidai cibiya sau ɗaya a wata. Ga mace, abin da ya haura santimita 88, kimanin inci 35, yana cikin haɗari, kuma sau da yawa tef kan nuna ci gaba kafin sikeli.

A abinci, fara da abin sha. Kwalbar lemo ta roba mai santilita 50 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 13, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada a wuce kimanin 12 a wuni, shida ma ya fi. Zoɓo da kunun aya da furar da aka dama da sukari duk layinsu ɗaya, haka shayin safe mai cokali uku da madarar gwangwani. Sai mai. Ki tsaya ki kalli yadda ake tuttula shi daga jarka cikin tukunya, har ya taso saman miya ya yi ja. Babban cokali ɗaya kalori 120 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. A koma aunawa da cokali. Tuwo ba a hana ki ba, malmala ɗaya madaidaiciya, miyar ta fi tuwon yawa, kuka ko kuɓewa ko taushe. Rabin faranti ya zama ganye: zogale, rama, alayyafo, kabeji, ga su nan a kasuwannin 'Yankaba da Rimi. Kowane ci ya kasance da mai gina jiki, wake, ƙwai, kifi, nono marar sukari, awara in an dafa ta ko an gasa. Garau-garau ma a juya shi, wake ya rinjayi shinkafa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a wuni da yunwa sannan a zauna wa tuwo ƙarfe goma na dare. Mai azumin Litinin da Alhamis kuma, in za a buɗe baki da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai zaƙi, lada na nan in sha Allahu, amma sikeli ba zai motsa ba.

Motsa jiki sai likita ya ce zuciya da ƙoda lafiya. Daga nan tafiya mai ɗan sauri minti 30, kwana biyar a mako, ko da a tsakar gida ko filin makarantarku kafin a shiga aji. Saboda gwiwa ki raba ta goma-goma. Kwana biyu a mako ki yi na ƙarfafa tsoka: tashi da zama a kan kujera sau goma, tura bango da hannu, ɗaga gorar ruwa. Wannan mata suka fi rainawa, shi ne kuwa ke riƙe tsokar da shekaru ke ci, ya kuma sauƙaƙa wa gwiwa.

Abu biyu ki gaya wa likita ko bai tambaya ba. In kin taɓa shan sha-ka-fashe, ko haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a kemis, ko kina shafa man bilicin, ki faɗa, don sau da yawa akwai deksametason ko danginsa a ciki, masu kumbura fuska da ciki su tayar da suga, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Na biyu, in kina fama da kasala da jin sanyi, a duba miki sinadarin tayirod, wanda wani ƙullutu da ke wuya ke samarwa. Allurar nan ta Ozempic da ake ta zancenta wajen rage ƙiba kuwa magani ce ta gaskiya, amma da sa idon likita ake yin ta, tana da tsada, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunta. Kada ki saye ta a waya.

Bayan wata uku ki koma a sake awon jini da suga da ƙoda. In nauyi ya sauka, mai yiwuwa a rage miki maganin hawan jini, amma likita ne zai rage. Allah ya ba ki lafiya, Malama.