Ƙanena, ga maganar “put up with” da 'yan uwanta

Assalamu alaikum. Saƙonka ya same ni a cikin bas ina dawowa daga aikin dare. Na yi murna da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da ka yi, Allah ya sa albarka, ya kawo biza cikin sauƙi. Ka ce ka samo wani dogon jeri na abin da Turawa ke kira “phrasal verbs”, wato aikatau da ake raɓa wa ƙaramar kalma irin su “up” da “off” da “out”, kana haddace ashirin kullum bayan sallar asuba, kana tambaya ko hakan zai ishe ka kafin ka iso Manchesta a watan Satumba.

Ba zai ishe ka ba. Ina gudun kada ka ƙare watannin da suka rage kana tara abin da zai zube maka ranar da ka fi bukatarsa.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni a watana na farko a gidan kula da tsofaffin da nake aiki. Mun zo karɓar aiki da safe, ma'aikaciyar da ta kwana tana ba mu bayani ɗaki-ɗaki, sai ta ambaci wani dattijo da na saba yi wa aski, ta ce, “He passed out in the lounge.” Gabana ya faɗi, na fara innalillahi a zuciyata. Ashe suma ya yi, har ya farfaɗo yana shan shayi a ɗakinsa. Rasuwa ita ce “pass away”. Suma kuwa “pass out”, kalmar da ni da kai muka fi sani da bikin kammala bautar ƙasa. “Pass on” kuma tana iya zama isar da saƙo, tana iya zama rasuwa, sai ka duba zancen. Duk ukun suna cikin jerin da na haddace a gida. Amma a wurin nan, da mace mai saurin magana da harshen mutanen arewacin Ingila, haddar ba ta zo mini ba. Kuma a irin aikinmu, kuskure tsakanin suma da mutuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya buɗe mini kai daga baya shi ne na lura Hausa ma haka take yi, sai dai mu a jikin aikatau muke liƙa abin. Dubi ci da cinye, sha da shanye. Wannan ƙarshen da ke nuna an gama da abu kakaf, shi ne aikin da “up” take yi a “eat up” da “drink up” da “use up”. Dubi fita da fito, shiga da shigo, koma da komo: wasali ɗaya ya juya maka alkiblar tafiya. To su Turawa sai su ajiye wata 'yar kalma a gefe ta yi musu wannan aiki. Don haka ka bar bin jeri daga A zuwa Z, ka kama ƙaramar kalmar ka bi ta. “Off” yawanci rabuwa ce ko yankewa: sauka daga bas “get off”, kashe wuta “turn off”, fasa taro “call off”, ɗage shi “put off”. “Out” tana yawan nuna fita ko ƙarewa. Ba kullum ƙa'idar ke ci ba, amma za ta kai ka rabin hanya.

Sauran rabin kuwa sai ka tuna yadda muke da ci amana, ci bashi, ci jarrabawa, ci mutunci. Wane Bature ne zai gane cin amana don ya san cin tuwo? Haka masu ƙafa uku suke a wurinsu, wato aikatau, da ƙaramar kalma, da harafin da ke sada su da suna. “Put up with” haƙuri ne da abin da ba ka so. “Run out of” ƙarewar abu a hannunka, kamar kuɗin mitar gas a tsakiyar hunturu. “Get on with” jituwa da mutum, ko kuma ci gaba da aikin da ke gabanka. “Come up with” ƙirƙiro dabara. Waɗannan dunƙule guda ake haɗiye su, ba a raba su, ba a kuma yar da ƙafar ƙarshe in akwai suna a gaba. Ka ce “we've run out” ka yi shiru, daidai ne. In za ka ambaci abin da ya ƙare, misali madara, dole “of” ta dawo.

Akwai kuma inda ake sa abin da aka yi wa aikin. Kana iya cewa “turn off the light” ko “turn the light off”, duka sun yi. Amma da zarar ka sa “it”, tsakiya take zama: “turn it off”. Ita “look after” ba ta yarda a shiga tsakaninta, “look after him” ne har abada. Kunne ne zai koya maka wannan fiye da littafi.

Yanzu gyara, kuma kada ka ji nauyi, yayanka ne. A ƙarshen wasiƙar da ka nuna mini za ka aika wa malamin da zai duba aikinka ka rubuta “I look forward to meet you”. Wannan “to” ɗin ba irin ta “to go” ba ce, harafi ce mai neman suna a gabanta, don haka “meeting you” za ka rubuta. Sannan akwai waɗanda muka taso da su a gida amma nan ba a faɗa: “cope up with” babu “up” a cikinta, “discuss about” babu “about”, kuma “off the light” sai ɗan Najeriya ɗan uwanka ne zai gane ka nan take. Takardar cikewa a nan an fi cewa “fill in”, mutanen Amurka su ce “fill out”. Kowacce ka faɗa za a fahimta.

Abin da ya fi ba ni tausayinmu shi ne makaranta ta cika mana baki da manyan kalmomi, “tolerate”, “postpone”, “extinguish”, waɗanda asalinsu Latin ne, wasu kai tsaye wasu ta hanyar Faransanci da ya kwararo cikin Turanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Ba a banza muka koye su ba, a rubutun jami'a su ake so. Amma malamin da zai karanta rubutun, in kun zauna a ofishinsa, cewa zai yi ka “go over” babi na biyu, ka “back up” hujjarka, ka “cut down on” tsawon gabatarwa, ka “hand it in” ranar Juma'a. Mai karɓar waya a asibitin unguwa za ta ce “bear with me, I'll put you through”, wato ka ɗan yi haƙuri za ta haɗa ka da wanda kake nema. Mai gidan haya zai ce zai “pop round” ya duba injin ɗumama ruwa da ke “playing up”. Na ga ɗalibai masu kaifin kai sun yi tsuru-tsuru a gaban direban bas, ba don rashin ilimi ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ka rage haddar zuwa biyar a rana, kowacce da cikakkiyar jimlar da ka ji wani ya faɗa, ba ita tsirara ba. Ka riƙa sauraron shirye-shiryen rediyon BBC da mutane ke bugo waya suna koke-kokensu, can ne ake zuba su ba lissafi. Ka ware ƙaramin littafi, shafi guda na “up”, guda na “off”, guda na “out”, ka rubuta Hausar kowacce a gefe yadda za ka faɗa wa Inna, ba yadda ƙamus ya ce ba. In ka iso kuma wani ya faɗi wadda ba ka gane ba, ka tambaye shi a take. Mutanen nan ba sa ganin laifin mai tambaya.

Ka turo mini saƙon murya na minti biyu ranar Lahadi, ka ba ni labarin yininka da Turanci, in ji inda za mu fara. Ka gaida Inna da su Yaya, ka ce wa Inna maganin ƙafar yana hannun mai zuwa ƙarshen wata.