Wane irin mahaɗi ya dace a takardun bayanin tashin kenel ɗin Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuta bayani kan yadda kenel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa kwamfuta, ke tashi idan an kunna ta, kuma ina son aika gyara ga takardun da ke cikin foldar Documentation. Idan zan tura mai karatu zuwa wata takarda, shin in sa cikakken adireshin intanet, ko gajeren mahaɗi irin mai farawa da ../ ?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da zan fara hana ka shi ne sanya cikakken adireshin intanet don nuna takardar da ke cikin rumbun kenel ɗin kansa. Bayanin tashin kenel yana tafiya ne tare da sigar kenel ɗin. Ƙa'idar da shirye-shiryen loda kenel, wato GRUB da takwarorinsa, ke bi wajen miƙa ragama ga kenel a injunan x86 tana da nata lambobin siga: 2.12 ta zo da Linux 3.8, 2.15 kuma ta zo da Linux 5.5. Idan mutum yana aiki da tsohon kenel, ka tura shi docs.kernel.org, shafin takardun kenel na intanet, zai tarar da bayanin sabuwar siga, ya karanta abin da injinsa bai san da shi ba. Mahaɗin cikin gida kuwa yana barinsa a sigar da yake kai. Ga kuma mai karatun da ba ya kan intanet, wanda ya buɗe fayil ɗin a baƙin allo yana neman dalilin da ya hana wata kwamfuta tashi.

Saura zaɓi biyu, kuma jagorar rubutu ta kenel, wato Documentation/doc-guide/sphinx.rst, ta amince da dukkansu. Tun 2016, a Linux 4.8, aka fara mayar da takardun zuwa tsarin rubutu na reStructuredText (fayilolin .rst) ana gina su da manhajar Sphinx su zama shafuka, daga baya aka ƙara wani ɗan shiri mai suna automarkup wanda ke mayar da sunan fayil ya zama mahaɗi da kansa. Saboda haka kana iya rubuta hanya daga tushen rumbun kenel, kamar Documentation/admin-guide/efi-stub.rst, ko ka rubuta gajeriyar hanya da ake lissafawa daga inda fayil ɗinka yake zaune.

Abin da ya faru a 2023 ya isa ya nuna bambancinsu. A Linux 6.4 an kwashe foldar Documentation/x86 aka mayar da ita Documentation/arch/x86, ba da daɗewa ba ta arm64 ta bi sahu, har da booting.rst ɗinta. Ka ƙaddara wani ya rubuta ../admin-guide/efi-stub.rst a cikin boot.rst, takardar tashin kenel da ke foldar x86, kafin ƙaurar. Da zarar fayil ɗin ya ƙara nutsawa mataki ɗaya, mahaɗin ya karye, sai an mayar da shi ../../admin-guide/efi-stub.rst, alhali wanda ya rubuta hanya daga tushe bai taɓa komai ba. Amma takardu biyu da ke zaune tare a cikin x86, masu kiran juna da sunan fayil kawai, sun yi ƙaura tare lafiya lau, kamar maƙwabtan da suka tashi zuwa sabuwar unguwa a rana ɗaya. A nan ne gajeren mahaɗi ya fi ƙarfi.

Shawarata ita ce ka yi amfani da gajeren mahaɗi tsakanin takardun folda ɗaya, ka koma ga hanya daga tushe duk lokacin da za ka tsallaka zuwa wata folda, wanda a batun tashin kenel kusan kullum ne, tunda bayanin ya warwatsu tsakanin arch da admin-guide, inda initrd.rst da kernel-parameters.rst suke. Hanya daga tushe tana da wata fa'idar da nake ɗauka da muhimmanci ƙwarai: mai kwashe fayil zai same ta cikin sauƙi da umarnin binciken rubutu na git grep, kuma umarnin make refcheckdocs yana bin diddigin irin waɗannan hanyoyi masu farawa da Documentation/ ya faɗi waɗanda suka mutu. Ita ce kuma ke da ma'ana a cikin fayilolin saitin kenel na Kconfig da sharhin da ke cikin lambar shirin da aka rubuta da harshen C, inda ɗigo biyun ../ ba sa gaya wa mai karatu komai.

Idan wani sashe kake nufi a tsakiyar doguwar takarda, ka sa masa lakabi ka kira shi da :ref:, domin lakabi ba ya damuwa da inda fayil ya koma. Kafin ka aika gyaran, ka gudanar da make htmldocs don gina shafukan, ka buɗe shafin da ya fito, ka danna kowane mahaɗi da hannunka, saboda idan automarkup bai gane hanya ba yakan bar ta a matsayin rubutu kawai, ginin kuma ya kammala kamar babu matsala.