Tambaya da Amsa: Ni da dillalin gidana kowa na kuka da ɗan'uwansa, in sallame shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, shekara biyu ke nan da aka mayar da ni aiki Tawa. Ina da gidan haya a Karkada, cikin Damagaram, ƙofa huɗu, kowace ɗaki da falo, ana biyan jika 20 na sefa a wata a kowace ƙofa. Dillalin da ya samo mini ƴan hayar farko shi na bar wa kulawar gidan, muka yi magana da baki zai riƙa cire kashi 10 cikin 100. Yanzu kuɗi ba sa zuwa sai na yi ta kira, cikin shekara guda an canza ƴan haya sau uku, ga bashin ruwa ya taru. Shi kuma yana gaya wa mutane wai ba na sakin kuɗin gyara, kuma ƙanena ya taɓa saka wani a ɗaki ba da saninsa ba. In sallame shi ne, ko yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yi saurin sallamarsa. Idan ka ɗauko wani dillalin ka ɗora shi a kan irin wannan tsarin, baɗi war haka za ka sake aiko mana da wannan tambayar.

Aiki biyu ka haɗa wa mutum ɗaya ba tare da an raba su ba. Dillanci daban, wakilci daban. Dillali aikinsa ya haɗa mai gida da ɗan haya, ya karɓi la'adarsa, ya kama gabansa. Wakili shi ne mai zama da gidan: karɓar haya wata-wata, bin takardun ruwa da wuta, kiran magini, raba faɗan maƙwabta. Abincin dillali yana cikin shiga da fita, abincin wakili yana cikin zaman ɗan haya. Mutuminka yana ci ta ko'ina, sai dai ɗaya hannun ya fi maiƙo.

Ga lissafin da kuɗin gidanka. Ƙofa huɗu a jika 20, jika 80 ke nan a wata. Kashi 10 ɗinsa jika 8 ne, wato jika 2 a kowace ƙofa, jika 24 a shekara daga ƙofa ɗaya. To a ce duk sabon ɗan hayar da ya shigo yana ba shi la'adar da ta kai kuɗin wata guda, kamar yadda ake yawan yi. Jika 20 ke nan a yini ɗaya, kusan abin da zai samu in ya yi shekara cur yana lallaɓa mutum guda a wannan ɗakin. Canji uku ya ba shi jika 60. Kai kuwa duk ɗakin da ya yi wata ɗaya da rabi a kulle ka rasa jika 30, ban da fenti da kwaɗo da abin da mai fita ya lalata. Ba mu ce shi ke korar su ba, Allah ne masani, wataƙila yoyo ne ya kore su. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma mutumin da fitar ɗan haya ba ta rage masa komai sai ma ƙari, ba zai wahalar da kansa wajen rarrashi ba.

Masu gidaje kukansu kusan iri ɗaya ne. Jinkirin kuɗi, saboda dillali ya karɓa ya jefa a wata harka da niyyar mayarwa kafin a tambaya. Farashi biyu: a gaya wa ɗan haya jika 25, a gaya wa mai gida 20. Cinye kuɗin ajiya, wanda ake kira kosiyo, sai ranar da ɗan haya zai tashi a ce mai gida ya fiddo abin da bai taɓa gani ba. Da saka duk wanda ya zo da kuɗi a hannu ba bincike.

Amma ka ji ɓangaren dillalan, don a nan masu gidaje suka fi toshe kunne. Jika 8 a wata, a ciki zai sha man babur, ya sa kuɗin waya, ya je ƙofar mutum sau uku a ce masa albashi bai sauka ba. Shadda ta cika da dare shi za a kira. Ɗan haya ya zage shi a kan rufin da ba nasa ba, ya kira mai gida a ce masa a bari sai ƙarshen wata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka suke kallon abin. Wanda ya fi yi musu ciwo shi ne zagaye: ya kai mutum ya ga ɗaki, mutumin ya bi ta bayan gida ya daidaita da mai gida ko ɗan'uwansa, la'ada ta bi ruwa. Abin da ƙanenka ya yi ke nan, ko da da kyakkyawar niyya ya yi. Daga ranar da aka yi wa dillali haka sai ya fara biyan kansa da kansa daga kuɗin da ke bi ta hannunsa, kuma a ransa ba ya ganin ya ci haram. A wannan gaɓar, Malam, yana da gaskiya a kanka, ka kira shi ka faɗa masa haka da bakinka kafin a shiga lissafi.

Lissafin kuwa daga ƴan haya za ka fara shi. Karɓi lambar wayar kowane ɗaya, ka tambaye shi abu huɗu: nawa yake biya, wane wata ya biya na ƙarshe, nawa ya ba da na ajiya da na gaba ranar shigarsa, kuma akwai gyaran da ya yi da kuɗinsa aka ce za a cire masa. Rubuta amsoshin, ka jera su da abin da ya shigo hannunka wata-wata. Sannan ku zauna da dillalin a gaban mutum biyu da yake jin nauyinsu, mai unguwa ko limamin unguwa in da hali. In giɓin da aka samu ya yi daidai da gyare-gyaren da zai iya nuna wa idon mutum, to jinkiri ne da rashin tsari, ana iya ci gaba da shi. In kuwa farashi biyu aka tarar, wannan ha'inci ne, rabuwa ta fi.

A ce an ci gaba. Sai a rubuta takarda biyu. Ta farko tsakaninka da shi, ta biyu tsakaninka da kowane ɗan haya, kuma sa hannunka ne a kan ta biyun, da adadin haya a rubuce da lamba da kalmomi. Wannan kaɗai ya kashe farashi biyu. A rubuta da Faransanci ko da Hausa, boko ko ajami, muddin kowa ya san abin da ya sa wa hannu, a kuma kai ma'aikatar magajin gari ta da'irar da gidan yake a buga hatimin tabbatar da sa hannu.

A takardar wakilci, abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake biyansa. Kashi 10 ɗin ya zama na kuɗin da aka karɓa ne, ɗakin da ke kulle ko wanda ba a biya ba babu kaso a cikinsa. La'adar sabon ɗan haya a raba ta biyu in daga hannunka take fita: rabi ranar shiga, rabi bayan mutumin ya biya wata uku a jere. In ɗan hayar ne ke biya, a rubuta adadin don kada ta zama kasuwar bayan fage. Sannan ka ƙara masa wani abu a kan zama: duk ƙofar da ta cika wata 12 da mutum ɗaya ba bashi, yana da tukuicin jika 10, misali. Ko ƙofofin huɗu duka suka cika jika 40 ne, bai kai asarar ɗaki biyu da suka yi wata ɗaya da rabi a kulle ba. Masu gidaje da yawa suna ganin wannan ɓarnar kuɗi ce. A ganinmu shi ne kuɗi mafi amfani da za ka kashe a gidan.

Hanyar kuɗi kuma a gajarta ta. Tunda akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da makamantansu, ɗan haya ya tura maka kai tsaye kafin 10 ga wata, ya aika hoton rasit gare ka da wakilin, kai kuma ka tura wa wakilin kasonsa a ranar, kada ka kwana da shi. Wanda ke ƙorafin jinkiri bai kamata a same shi da jinkiri ba. Kuɗin ajiya yana hannunka, a rubuce, tare da hotunan ɗaki na ranar shiga: bango, ƙofa, taga, famfo, makunnin wuta, bayan gida. Ranar fita da waɗannan hotunan za a yi hukunci.

Batun gyara shi ne inda kake da sauran laifi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa kana Tawa. Ka bar jika 15 ko 20 a hannun wakili na ƙananan gyara, ka yanka masa iyaka: abin da bai wuce jika 5 ba ya yi ya turo hoto da rasit, abin da ya wuce ya kira ka, kai kuma ka amsa cikin kwana biyu. A fayyace na wa ne me. Rufi, tsagewar bango, kwashe shadda, bututun da ya ruɓe cikin ƙasa, na mai gida ne. Ƙwan lantarki, kan famfon da aka karya, gilashin taga, kwaɗon da aka ɓatar da makullinsa, na ɗan haya ne. Duban rufi a watan Afrilu ko Mayu ake yin sa, kafin ruwan Yuli da Agusta. In kwano ne a duba ƙusoshi da inda ya haɗu da bango, in soron ƙasa ne a sake yaɓe a buɗe indararo, a kuma cike gindin katanga inda ruwa ke kwanciya. Mutanen Damagaram ba sa bukatar a tuna musu abin da damina ke yi wa gini, tsohon masallacin Birni ma ruwan 2024 ne ya kayar da shi.

Sai ruwa. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfonsa daga nesa ake janyo shi, daga wajen Gogo da Macaya da kuma Arunguza da Ganaram, shi ya sa rigimar ruwa a gidan haya ta fi ta wuta zafi. Ƙofa huɗu a kan kontar (wato mitar ruwa) ɗaya, mai iyali takwas da gwauro a ce su raba takarda daidai, gwauron zai ƙi biya, sauran su bi sahunsa. Kuma wanda famfo ya yi kwanaki bai kawo masa ba, ya sayi na ƴan garuwa, da wuya ya biya da daɗin rai. Bashin kuwa sunan da ke kan kontar yake bi, wato kai. Mafita ita ce ƙaramar kontar ga kowace ƙofa, wakili ya ɗauki hoton lambobin ranar da takarda ta zo a raba bisa abin da kowa ya sha. In ba hali, a raba bisa yawan kawuna, a rubuta haka tun ranar shiga. Ka sa wani ya je ofishin kamfanin ruwa na NDE, wanda ya gaji SEEN a 2024, ya ciro ainihin abin da ake bin gidan, haka ma a kamfanin wutar lantarki na NIGELEC. Tsohon bashin na waɗanda suka tashi ne, kuma wakili ne ya bar su suka fita ba a cire daga ajiyarsu ba, don haka da hujja ka nemi ya ɗauki wani kaso. Amma ka biya tukuna kafin a yanke ruwan, a yi rabon daga baya.

Zaɓen ɗan haya kada ka sake shi gaba ɗaya. Wakili ya kawo, kai ka amince ta waya bayan ka ji sana'arsa, yawan iyalinsa, inda ya taso da dalilin tashinsa. Wajen Satumba da Oktoba, lokacin canjin ma'aikata da komawa makaranta, har da ɗaliban Jami'ar André Salifou, masu nema sun fi yawa, don haka in za a yi gyaran da zai sa ɗaki a kulle, a gama shi kafin nan. Ƙanenka kuma a gaya masa a gaban wakilin cewa in ya samu mai so, ya kai shi wurin wakili.

Akwai abin da ba ka da ikon wakilta wa kowa don kai ma ba ka da shi: cire ƙofa, yaye kwano, yanke ruwa ko watsar da kayan wanda bai biya ba. Hayar gidajen zama a Nijar tana da dokarta tun 1996, kuma fitar da mutum da ƙarfi hukuncin kotu ne. Hanyar ita ce takardar gargaɗi, sulhu a gaban mai unguwa, in ya faskara a je kotu. Dillalin da ya yi gaban kansa da sunanka, kai za a fara nema. Idan kuma wata rana ka fasa ɗakin bakin titi ya zama shago, ka sani ya koma ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wato dokar bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, wadda ke ba ɗan kasuwar da ya yi shekara biyu yana sana'a a wurin haƙƙin a sabunta masa haya.

In lissafi ya nuna rabuwa ce, ka biya shi duk abin da yake binka, har da la'adar ɗakin da ƙanenka ya zagaye shi, ka karɓi makullai da rasitai da kuɗin ajiya a gaban shaidun nan. A ranar ka sanar da kowane ɗan haya, a rubuce da kuma ta waya, wanda zai riƙa biya daga yanzu. Duk wanda ya ba tsohon wakili kuɗi kafin labarin sallamar ya iske shi ya riga ya biya, ba ka da abin bi a wurinsa, sai dai ka bi wakilin.