Saitin manhajar rubutu ya ƙi zama

Tambaya: Malam, ina haɗa ƙaramar manhajar rubutu da yaren Python da Qt (kayan gina tagogin manhaja). Mutum zai mai da girman haruffa 16, ya rufe, da ya sake buɗewa sai ya tarar da 12. Akwatin nuna lambar layi kuma kullum a kunne yake dawowa, ko an kashe shi. Ina gyaran yake? Daga wani ɗalibi a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Ɗan'uwa, matsala biyu ce, kowace da sanadinta.

Ta farko daga jerin aikin take. Idan tagar saiti ta buɗe, akwatin girman haruffa yana tashi da lambar asali, wato 12. In ka riga ka ɗaura masa aikin ajiya a kan siginar valueChanged, wadda ke tashi duk lokacin da lambar akwatin ta canja, nan take zai rubuta 12 a kan 16 ɗin mutum tun ba a karanta shi ba. Don haka ka fara karanta abin da aka ajiye, ka cika akwatunan da shi, sannan ka ɗaura siginar. In ba hali, ka toshe ta da blockSignals har ka gama cikawa.

Ta biyu kuwa ta fi ɓoyewa. QSettings, wato abin da Qt ke ajiye saiti da shi, kan dawo da "false" (a kashe) a matsayin rubutu daga fayil ɗin saiti na INI, Python kuma duk rubutun da ba fanko ba gaskiya yake ɗaukarsa. Shi ya sa akwatin ke kunna kansa. Sa type=bool wajen karantawa, magana ta ƙare.

Kada kuma ka amince da duk abin da ka tarar a fayil, don mutane na gyara shi da hannu. In girman ya fita daga 6 zuwa 72, koma wa na asali. Wajen zaɓen salon haruffa, sunansa za ka ajiye, ba matsayinsa a jeri ba, don da zarar an ƙara sabo jerin ya goce. In babu salon a wata kwamfutar, wanda za ka maye gurbinsa da shi ya zama mai nuna ƙ, ɗ da ɓ, in ba haka ba mai rubuta Hausa zai ga 'yan akwatuna a madadinsu.

In kuma ba QSettings kake amfani da shi ba, fayil ɗin saiti na JSON kake rubutawa da kanka, tuna da ɗaukewar wuta. Rubuta a fayil na wucin gadi tukuna, sannan ka maye tsohon da os.replace, don kada a ɗauke wuta ana tsakar rubutu ta bar maka rabin fayil.